Fulogi Ukun Da Ido Ba Ya Gani

  Ina gaida manoman da suka rataye rediyo a reshen darbejiya suna ban ruwa, da direbobin da ke kan titin Katsina a wannan sa'a, da kanikawa da yaransu waɗanda hannunsu ke cikin baƙin mai amma kunnensu na tare da mu. Allah ya sa albarka a nema.

Yau magana ce a kan ɗan ƙarfen da tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, wato fulogi. Na san wani zai ce, duk abubuwan da suka dami talaka a rasa na kawowa gidan rediyo sai fulogi? Ku dai yi haƙuri ku ji abin da na gani da idona.

Ina da maƙwabci a nan Bacirawa, magidanci mai iyali. Da damina yana noma gero da wake a 'yar gonar gado, sauran watannin shekara kuma yana jigilar fasinja da wata Toyota Sienna da ya haɗa kuɗinta da ƙyar. Wata uku ke nan motar tana ba shi wahala. In ya tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa kamar mai masassara, in ya taka totur a hawa sai ta yi nauyi, ga shan mai da ya wuce misali, ga wutar nan mai hoton inji tana ƙiftawa a gaban sitiyari. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne bai daɗe da canza fulogi ba. Guda shida ya biya, cif.

Wata ranar Asabar na raka shi wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano a bakin titi. Dattijon ya sa aka tayar da motar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Alhaji, ranar da aka canza maka fulogin nan, awa nawa ka zauna a gareji?"

Maƙwabcina ya ce, "Awa kuma, Baba? Ai ko shayin da na saya ban gama sha ba aka ce an gama."

Dattijon bai ce uffan ba. Ya sa aka kashe motar aka bar ta ta huce, ya juya wurin yaronsa ya ce, "Kai, ɗauko min akwatin soket, ka zo da kwali mai tsabta."

Aka kwance waifa. Aka cire farantin da ke ƙarƙashin gilashin gaba. Aka cire bututun iska, aka zare wayoyi da ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya, dattijon yana ɗaura wa kowanne ɗan ƙyalle don kada a rikice wurin mayarwa. Sai aka zo kan manifol, wannan babban abin da ke raba wa silinda iska, wanda ya kwanta a kan rabin injin kamar kaza a kan ƙwai. Wasu notunansa suna can baya inda ido ba ya kaiwa. Yaron ya kwanta rub da ciki a kan inji, kuncinsa na manne da ƙarfe, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube da yatsu, maigidansa na ce masa, "Ƙasa kaɗan. Hagu. In ka ji kansa kada ka yi gaggawa." Da ya zaro hannun, bayan yatsunsa duk ya kuje. An kusa awa biyu kafin manifol ya tashi, ramuka uku suka bayyana.

Dattijon ya jera fulogi shida a kan kwali. Ukun gaba sababbi ne fil, har suna ƙyalli. Ukun baya kuwa tsininsu ya cinye, tazararsu ta buɗe, tangaran ɗinsu ya rine. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Waɗannan, Alhaji, ina jin da su motar ta sauka daga jirgin ruwa."

Maƙwabcina ya yi salati. An karɓi kuɗin shida, an sa masa uku.

Wannan zalunci ne, babu wani suna da za a ba shi. Amma a hanyarmu ta komawa gida ya faɗa min wata maganar da ta sa na ga ya kamata in kawo batun nan gabanku. Ya ce ranar da ya kai motar wancan garejin, da aka yanka masa kuɗin aiki, sai ya hau faɗa: fulogi ne fa kawai, kwance wannan ka ɗaura wancan, har nawa za a ce? Ya yi ta ciniki har ya mayar da kuɗin aikin awa uku ya koma na minti ashirin. Bakaniken ya ce to, ya kuma yi masa aikin minti ashirin.

Mu tsaya mu ga dalilin da ya sa fulogi ke ɓuya a motocin yanzu. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. In ka ɗaga bonet ɗinta, fili ne ko'ina, har kana hango ƙasa ta gefen inji. Silinda huɗu a jere, fulogi huɗu, duka hannu na kaiwa. A kan irin wannan mota, da babur, da janareta, yawancin kanikawanmu suka koyi aiki, a kan su kuma masu mota suka koyi yanke farashi.

Matsi ya fi tsanani a motocin gudu, waɗanda ake ƙerawa a daddafe da ƙasa don su keta iska. Maƙeransu suna son babban inji a ƙaramin jiki, ba sa barin ko taƙi guda a banza. Porsche Boxster ta Jamus, wadda ta fito a 1996, injinta na tsakiya ne, bayan kujerun zama, a kwance, silinda uku dama uku hagu. Mai son kaiwa ga fulogi sai ya ɗaga motar ya cire tayoyin baya ya shiga ta ramin taya. Toyota 86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ, na 2012, su ma injinsu a kwance yake, fulogi na kallon ƙarfen jikin mota ta kowane gefe, har tsarin aikin da kamfani ya shimfiɗa ya ce a ɗan ɗaga injin tukuna. Tun a 1975 ma Amurkawa sun sha wannan da Chevrolet Monza mai silinda takwas, wadda sai an ɗaga inji da jak ake kaiwa ga wasu fulogin.

Za ku ce ina mu ina Porsche a Bacirawa. Gaskiya ne. Amma matsin ya biyo mu har gida ta cikin motocin da muke kira Beljiyam. Sienna, Highlander, Camry mai silinda shida, Lexus RX, duk injinsu iri ɗaya ne a tsari: silinda shida a layi biyu, an gicciye injin a tsakanin tayoyin gaba. Layi ɗaya yana kallon lagireto, kana ɗaga bonet ka gan shi. Ɗaya layin yana manne da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, manifol ya rufe shi ruf. A lissafin Toyota, silinda ta 2 da ta 4 da ta 6 su ne a gaba, ta 1 da ta 3 da ta 5 su ne a baya. Saboda haka in an jona wa motarka na'urar bincike ta nuna P0301 ko P0303 ko P0305, ka sani matsalar tana can inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Rubuta lambar nan a takarda kafin ka bar wurin.

Kamfanin bai jahilci wannan wahala ba. Shi ya sa ya sa wa irin waɗannan injina fulogi mai tsinin iridiyam, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, ya kuma ce a canza shi bayan mil 120,000, wato kusan kilomita 190,000. Dabarar ita ce, tunda shiga wurin da wuya, a sa abin da zai daɗe. To amma da yawa daga motocin da ke iso mana sun riga sun ci wannan tafiya, ko sun kusa, tun a ƙasar da suka fito. Ranar da ka karɓi makulli kana murna, fulogin na iya kasancewa a ƙarshen ƙarfinsa.

Ku dubi aikin da ɗan ƙarfen nan yake yi. Fistin ya matse iska da fetur a cikin silinda, kwayil ya turo wuta mai ƙarfin volt dubu goma, dubu ashirin, wani lokaci fiye, wutar ta tsallake 'yar tazarar da ke bakin tsinin, cakuɗin ya kama, ya tura fistin ƙasa. In injin mota na juyawa sau 3,000 a minti, kowane fulogi na tartsatsi sau 25 a daƙiƙa guda. Daga Kano zuwa Katsina sau nawa ke nan? Tun 1902, da kamfanin Robert Bosch na Jamus ya fito da fulogi mai aiki da wuta mai ƙarfi, wanda injiniyansa Gottlob Honold ya ƙirƙiro tsarinsa, asalin dabarar ba ta canza ba. Kowane tartsatsi yana ɗan cin tsinin, tazara na ƙara buɗewa, kwayil na ƙara wahala kafin wuta ta tsallaka. Wata rana sai ta kasa. Man da aka fesa wa wannan silinda ya fita ɗanye ta salansa, ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya ƙona matatar hayaƙi, kwayil kuma ya mutu saboda gajiya. Kuɗin kwayil ɗaya ya ninka na fulogi.

Da can da fetur ke da araha, direba kan yi haƙuri da motar da ke ɗan shan mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Wata uku maƙwabcina yana sayen man da wani kasonsa ke fita ta bututun hayaƙi bai tura motar ko taku ɗaya ba. Abin da ya rage wa bakanike a ciniki, ya biya shi ninkin ba ninki a gidan mai.

Na zauna na kalli yadda dattijon nan ya mayar da sababbin, kuma a nan na gane me ake biya in an biya gwani. Kafin ma ya kwance tsofaffin, sai da ya hura ramukan da iska. Ya ce ƙurar hunturu da yashin hanyarmu suna taruwa a gindin fulogi, in ka zare shi ba ka hure ba, duk su zube cikin silinda su zama sanfefa a jikin ringi. Ya toshe bakunan da manifol ya bari a buɗe da tsumma mai tsabta, don noti ɗaya in ya faɗa ciki, sai an sauke kan inji. Bai yarda a taɓa fulogi inji na da zafi ba, domin kan silindar motocin yanzu na alminiyam ne, ƙarfe mai taushi, in aka murɗa da zafi haƙoran ramin na iya biyo fulogin su fito.

Da ya zo ɗaurawa, bai ɗauki sifana ba. Ya yanko guntun tiyo na roba, ya cusa kan fulogin a ciki, ya zura a rami a hankali, ya riƙa murzawa da yatsu biyu. Ya ce wa yaron, "Ka ga, in ya hau a karkace, tiyon zai zame, ba zai ci haƙoran ba. In da sifana ka fara, ba za ka ji ba sai ka gama ɓarna." Sai da fulogin ya zauna da hannu sannan ya sa soket ya ƙara ɗan abin da ya kamata. Bai hau kai da ƙarfin damtse ba. Bai jefa fulogi cikin rami ya faɗa da kansa ba, don tsinin na iya lanƙwashewa ko tangaran ya tsage tsagewar da ido ba ya gani. Ya kuma ce a sayo sabon gasket na manifol, maƙwabcina ya ɗan yi tsaki, dattijon ya ce, "Alhaji, in na mayar da tsohon ya riƙa shan iska, sai mun sake wannan kwance-kwancen daga farko. Zaɓi naka ne." Aka sayo.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi ci min rai. A Ƙofar Ruwa da sauran wuraren sayar da kayan gyara akwai 'yan kasuwa masu amana da za su ce maka wannan na asali ne, wannan kuma bi-ni-ka-lallaɓa. Akwai kuma kwalin da aka buga wa sunan NGK ko Denso alhali abin da ke ciki bai taɓa ganin Japan ba. Shi kansa kamfanin NGK, wanda aka kafa a Nagoya a 1936, ya sha fitar da gargaɗi a kan jabun da ake yi da sunansa. A babur, in ka sa jabu ya mutu bayan sati biyu, asararka kuɗin fulogi ne da minti biyar. A bayan injin Sienna, asararka kuɗin fulogi ne, da kuɗin aikin awa uku, da yinin da ba ka yi lodi ba. In kuwa tsininsa ya narke ya faɗa kan fistin, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri. In aka ce maka ga iridiyam a farashin na babur, ajiye shi ka ƙara gaba. Ka kuma duba lambar da ke jikin wanda kamfani ya sa, ka nemi irinta. Lambar nan tana faɗin tsawo da kauri da yadda fulogin ke ɗaukar zafi, kuma lissafin kamfanoni ya sha bamban: a NGK in lamba ta hau fulogin ya fi sanyi, a Bosch in ta hau ya fi zafi. Shigarsa rami kawai ba ta nuna cewa shi ne daidai.

Ban manta da ku ba, manoma. A wannan yanki namu da gona ke manne da gona, inda kakanninmu suka riƙa kai taki da jaki, yau babur da A Daidaita Sahu ne ke ɗaukar kaya zuwa kasuwar Dawanau, injin ban ruwa kuma shi ne ran noman rani, daga bakin Jakara har madatsar Wasai da ta Watari. Ku Allah ya hutar da ku, fulogin injinku a fili yake, sifana ɗaya ta isa. Abin da nake roƙonku shi ne ku dube shi kafin ku jefar, don yana ba da labarin abin da ke faruwa a cikin inji. In bakinsa ya yi launin soyayyar gyaɗa, a bushe, injin na lafiya. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya busasshiya, mai ya yi wa iska yawa: duba matatar iska ko ƙura ta toshe ta, duba ko an bar cok a rufe, duba kafireta. In baƙin a jiƙe yake da maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, ringi ya gaji, ko fulogi goma ka canza a wata ba za ka huta ba. In kuwa ya yi fari fat har da ƙuraje, injin na ɗaukar zafi fiye da kima, kashe shi kafin fistin ya huje.

Injin ban ruwa irin Honda GX160 da masu kama da shi, tazarar fuloginsa tsakanin milimita 0.7 ne da 0.8. Sabon fulogi, bayan ya zauna da hannu, rabin juyi ake ƙara masa da sifana. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa kwata ɗin juyi ma ya isa. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ma'auninsa kashi ɗaya ne cikin 50, wato mililita 20 a lita guda. Masu zuba masa baƙin mai da yawa don wai ya ji daɗi, su ne kullum fuloginsu ke toshewa. Sannan don Allah, al'adar nan ta zuba wa fulogi fetur a cinna masa ashana a gefen inji, ko gwada tartsatsi kusa da buɗaɗɗen tanki, a bar ta. A nisanta daga jarkar mai tukuna.

Na koma kan kanikawa, 'yan'uwana. Na san halin da kuke ciki. Mai mota zai biya kuɗin kaya ba musu don yana ganinsu a kwali, amma in aka zo kuɗin hannu sai ya ga kamar kyauta yake yi muku. Duk da haka, in farashin da aka ba ka bai kai na aikin ba, ka ce bai kai ba. Ka kama hannun mai motar ka nuna masa manifol, ka ce ga abin da za a cire, ga lokacin da zai ci, ga kuɗinsa. In ya ce ba shi da hali, gaya masa gaskiya cewa uku za ka canza, uku kuma suna nan sai ya shirya, ka karɓi kuɗin uku. Wanda ba shi da kayan aikin ko bai taɓa yi ba, ba abin kunya ba ne ya tura mota wurin wanda ya iya. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a rassanmu, wannan aikinku ne: ku zauna ku bambanta kuɗin aikin inji mai silinda huɗu da na mai shida, ku rubuta a allo a bakin gareji kowa ya gani, ku kuma tsawata wa mai karɓar kuɗin abin da bai sa ba, don shi ke ɓata sunan sauran. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ma muna kiranta ta riƙa leƙa kasuwannin kayan gyara.

Maƙwabcina ya biya dattijon nan abin da ya yanka, bai rage ko naira ba, ya kuma ƙara wa yaron na sabulu saboda hannunsa da ya kuje. Tsofaffin fulogin uku suna nan a aljihun motarsa, yana nuna wa abokan lodinsa a tasha.

Kai mai Sienna, kai mai Highlander, ke Hajiya mai Lexus, in za a canza muku fulogi, ku ware rabin yini, ku tambayi kuɗin aiki tun kafin a ɗaga bonet, ku biya shi cikakke. In an gama, ku ce a jera muku tsofaffin a kan kwali, ku ƙirga da kanku ku ga shida ne.